William Hackett: Mahaƙin kwal da ya ƙi barin abokinsa a ƙarƙashin ƙasa

Duk matashin Filinge ko na ƙasar Kurfai da ya taɓa zuwa neman zinariya a Komabangu ko Jado ya san babban abin tsoro a wannan sana'a: rami ya rufta da mutum. Hakan ta faru a Ɗan Issa ta jihar Maraɗi a Nuwamban 2021, inda aƙalla mutum 18 suka rasu. Shi ya sa labarin William Hackett ba baƙo ba ne ga masu wannan aiki.

An haifi Hackett ranar 11 ga Yunin 1873 a Nottingham ta ƙasar Ingila. Bai iya karatu da rubutu ba, kuma ya shafe shekara 23 yana haƙar kwal. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, sau uku yana neman shiga rundunar sojan ƙasa ana mayar da shi saboda shekarunsa. Sai a 1915 aka ɗauke shi cikin sojojin da ke haƙa rami zuwa ƙarƙashin sansanin Jamusawa don dasa nakiya.

A daren 22 ga Yunin 1916, kusa da garin Givenchy a arewacin Faransa, Jamusawa suka tayar da tasu nakiyar. Ramin ya toshe da mutum biyar a ciki, har da Hackett. Bayan kimanin sa'o'i 20 ana tono, masu ceto suka samu 'yar kafa. Hackett ya taimaka wa mutum uku suka fita.

Saura shi da Thomas Collins, wani sojan ƙasa ɗan shekara 22 wanda ya ji mummunan rauni, ba ya iya bi ta kafar. Hanya a buɗe take ga Hackett, ga mata da 'ya'ya biyu suna jiransa a gida, amma ya ƙi fita ya bar yaron shi kaɗai. Ana cikin haka ƙasa ta sake ruftawa. An ƙara kwana huɗu ana tono ba a kai gare su ba. Hackett ya rasu yana da shekara 43.

Sarki George na Biyar ya miƙa wa matarsa Alice lambar Victoria Cross, mafi girman lambar jarumta a sojan Birtaniya. A cikin sojojin haƙa rami na wannan yaƙi, shi kaɗai ya samu wannan lamba.

Har yau gawarwakinsu biyu na nan a ƙarƙashin wata gona a Givenchy. A 2010 aka kafa dutsen tunawa da su da sauran mahaƙan da yaƙin ya ci, kusa da inda ƙasa ta rufe su.