Clive Sullivan: Baƙar fatan farko da ya zama kyaftin ɗin tawagar Birtaniya

Masu sha'awar wasan zari-ruga na 'yan wasa 13 a arewacin Ingila sun daɗe suna musu kan wanda ya fi iya taka leda tsakanin Billy Boston da Clive Sullivan. Dukansu baƙaƙen fata ne 'yan birnin Cardiff na yankin Wales, kuma dukansu a gefen fili suke wasa.

Magoya bayan Boston na kafa hujja da yawan ci, domin sau 478 ya dire ƙwallo a bayan layin abokan hamayya a ƙungiyar Wigan. Masoyan Sullivan kuwa na tuna wa jama'a cewa shi ne ya ɗaga Kofin Duniya.

An haifi Sullivan ranar 9 ga Afrilun 1943 a unguwar Splott. Tun yana yaro aka yi masa tiyata sau da dama a gwiwoyi da ƙafafu, har likitoci suka yi shakkar ko zai iya tafiya daidai.

Bayan ya bar makaranta ya shiga aikin soja, kuma a can ne aka lura da gudunsa. Ƙungiyar Bradford Northern ta gwada shi amma ba ta ɗauke shi ba. Da Hull FC ta ba shi dama a 1961, sai ya ci sau uku a wasansa na farko, nan take ta ƙulla yarjejeniya da shi.

A zamanin, tawagar Wales ta zari-ruga mai 'yan wasa 15 ba ta taɓa saka baƙar fata ba. Shi ya sa haziƙai irin su Boston da Sullivan suka yi suna a arewacin Ingila, inda ake biyan 'yan wasa tun bayan rabuwar da aka yi a 1895.

Sullivan ya ci wa Hull FC sau 250 a wasa 352. A 1968 ya ci sau bakwai a karawa ɗaya da Doncaster, bajintar da ta zama tarihi a ƙungiyar.

A 1972 aka naɗa shi kyaftin ɗin Birtaniya, wanda ya sa ya zama baƙar fata na farko da ya jagoranci wata tawagar ƙasar a kowane irin wasa. A wasan ƙarshe na Kofin Duniya da Ostireliya a birnin Lyon na Faransa, ya ɗauki ƙwallo tun daga ɓangarensu ya sheƙa har ya dire ta. An tashi 10-10, aka ba Birtaniya kofin saboda ita ce ta zo ta ɗaya a zagayen farko. Tun daga lokacin ba ta sake cin kofin ba.

A 1974 ya koma Hull Kingston Rovers, babbar abokiyar hamayyar tsohuwar ƙungiyarsa a birni guda. Ya ci mata sau 118, kuma yana cikin 'yan wasanta lokacin da ta doke Hull FC da 10-5 a wasan ƙarshe na Challenge Cup a Wembley a 1980. Shekara biyu bayan haka ya sake cin wannan kofi, a wannan karon da rigar Hull FC.

Cutar daji ta yi ajalinsa ranar 8 ga Oktoban 1985 yana da shekara 42. An sa wa babban titin shiga birnin Hull sunansa, kuma ƙungiyoyin biyu na fafatawa kan wani kofi mai sunansa.

A 2023 aka kafa mutum-mutuminsa a gaɓar tekun Cardiff, tare da na Boston da Gus Risman.