Buster Keaton: Mai Ban Dariyar Da Ba Ya Dariya

Duk wanda ya saba shiga silima ya san Chali Chaplin, amma kaɗan ne suka san Buster Keaton. An haife shi a Kansas ta Amurka a 1895. Tun yana ƙaramin yaro mahaifinsa ke jifa da shi a dandalin wasa, 'yan kallo na shewa. A nan ya koyi faɗuwa da ɗaure fuska.

A lokacin fim bai fara magana ba, sai aikin jiki. A 1926 ya fito da The General, labarin direban da aka sace masa jirgin ƙasa a yaƙin basasar Amurka. Kai, mutumin nan jirgi na gaske ya sa aka tura kan gada mai cin wuta, ya rufta kogi! Kuɗi suka tafi, fim bai yi kasuwa ba.

A 1928 ya koma ƙarƙashin kamfanin MGM, ikonsa ya kuɓuce. Giya ta kama shi, aure ya mutu, aka sallame shi a 1933.

Finafinansa ma saura ƙiris su salwanta, don zaren fim na wancan zamani yakan ruɓe, ga saurin kama wuta. Cikin shekarun 1950 James Mason, wanda ya sayi tsohon gidansa, ya tarar da gwangwanayensu a ajiye. Raymond Rohauer ya kwafe su a sabon zare, aka sake nuna su. Da ransa aka ba shi Oscar na girmamawa a 1960, ya rasu a 1966.