Sarkin Musulmi Bello da Ribaɗin Wurno

An haifi Muhammadu Bello cikin shekara ta 1781. Mahaifinsa shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarsa kuwa sunanta Hauwa'u. Ya tashi a Degel, ya yi karatu wurin mahaifinsa da wurin baffansa Abdullahi, har ya zama malami tun yana saurayi.

Cikin 1804 Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, Bello yana da shekara 23. A shekarar nan aka gwabza da Sarkin Gobir Yunfa a Tabkin Kwatto. Gobirawa suka zo da dawaki da 'yan lifidi. Jama'ar Shehu kuwa dawakinsu kaɗan ne ƙwarai, yawancinsu baka da kwari kaɗai suke riƙe da su, amma duk da haka su ne suka yi nasara. Ran nan Bello ya ga da idonsa abin da dakare zai iya yi wa barde, in ya iya harbi, ya kuma tsaya inda aka tsayar da shi.

Cikin 1808 aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir. Shekarar da ta biyo baya Bello ya kafa Sakkwato. Da Shehu ya rasu cikin 1817, sai aka yi wa Bello mubaya'a, ya zama Sarkin Musulmi.

To, amma cin Alƙalawa bai kawo zaman lafiya ba. Gobirawa ba su haƙura da ƙasarsu ba, ga Kabawa a yamma, ga Zamfarawa a gabas, ga kuma waɗansu Azbinawa a arewa. Abin da ya fi damun talakawa ba babban yaƙi ba ne, hari ne. Mahara sukan zo su kaɗan a kan dawaki, su faɗa wa manomi a gonarsa, ko makiyayi a bakin mashaya, ko fatake a kan hanya. Su kama mutane, su kore dabbobi. Kafin labari ya kai Sakkwato, a ɗaura sirdi, a fito, sun shige daji.

Akwai wani daji gabas da Rabah, ana ce da shi Gundumi, ta cikinsa hanyar Kano ta bi. Ba ruwa a cikinsa sai a wurare kaɗan, ga kuwa mahara. Matafiya ba su shigarsa sai sun taru sun yi ayari, in sun shiga kuma ba a zango mai tsawo. Ko Bature Kyaftin Clapperton, da ya zo ganin Bello cikin 1824, sai da Sarkin Musulmi ya aika da mahaya suka rako shi ta wannan hanya. Yaran Rara da Rabah da Goronyo su sani, ƙasarsu ce a wancan zamani take bakin daga.

Bello ya duba, ya ga rundunar da ke zaune a birni ba za ta iya tsare kowace gona ba. Wanda mahara suka tarar, shi ne zai fara kare kansa, kafin gudummawa ta iso. Saboda haka ya shiga gina ribaɗi. Ribaɗi, watau gari mai ganuwa a kan iyaka, inda mutane za su zauna su yi noma, su yi karatu, su kuma yi gadi. Mutumin ribaɗi ba ya rabuwa da makaminsa. Ya wajaba ya iya harbin baka, ya iya riƙon mashi da garkuwa, in yana da doki ya iya sarrafa shi. Da dare a rufe ƙofofi, masu gadi su kwana a faɗake. Wannan al'amari ya dami Bello har ya rubuta littafi da Larabci a kan ribaɗi da gadi.

Wuyar aikin ita ce Fulani makiyaya. Mai shanu ba ya son ganuwa, gama saniya ita ke jan mai ita zuwa inda ciyawa take, can kuwa mahara ke samunsa shi kaɗai. Bello ya yi ta jawo su zuwa garuruwa, ya sa a koya musu noma da karatu. Ya kwaɗaitar da su kiwon dawaki da raƙuma da tumaki da awaki, su rage shanu. Dabarar a fili take: tunkiya da akuya suna kwana cikin gari, doki kuwa da shi ake bin sawun mahara.

Bai umurci mutane su zauna kan iyaka shi ya koma gida ba. Da fari ya yi sansani a Magariya. Sa'an nan, wajen shekara ta 1830, ya gina Wurno a kan tudu bisa kwarin Gulbin Rima, kamar mil 20 arewa maso gabas da Sakkwato, ya tare can. Ya kuma ɗora 'ya'yansa da 'yan'uwansa a kan waɗansu ribaɗai. Ɗansa Aliyu Babba shi ya riƙe Shinaka.

Cikin 1836 Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da waɗansu Azbinawa suka haɗa kai. Bello ya fita da kansa, ko da yake girma ya fara kama shi, aka haɗu a Gawakuke. A nan aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda. Sauran Gobirawa suka kafa Tsibiri, daga can kuma hari bai yanke ba, sai dai yanzu mahara sukan tarar da ganuwa da mutane a shirye.

Bello ya rasu a Wurno cikin watan Oktoba na 1837, bayan ya yi shekara 20 yana sarauta. Ba a kai shi Sakkwato kusa da mahaifinsa ba, a ribaɗinsa aka binne shi, hubbarensa kuwa yana can Wurno. Ɗan'uwansa Abubakar Atiku ya gaje shi. Da Aliyu Babba ya hau cikin 1842, shi ma a Wurno ya yi zamansa.