Bala Miller: Mawaƙin Kaduna da ya raini makaɗa

Waɗanda suka kalli talabijin a shekarun 1980 ba za su manta da shirin Bala Miller Show na tashar NTA ba, ko waƙarsa Ikon Allah. Sai dai aikin marigayin bai tsaya kan waƙa ba, malami ne da ya horar da makaɗa.

An haifi Bala Miller a 1928. Mahaifinsa limamin coci ne daga ƙasar Zazzau, don haka a coci ya fara sanin kayan kiɗan zamani. Ya yi karatu a Legas, inda ya gogu da manyan makaɗan salon highlife.

Da ya dawo Arewa, ya tarar makaɗan gargajiya sun wadata, kowa na koyo wajen mahaifi ko ubangida, amma masu iya fiyano, jita da kayan busa na zamani ƙalilan ne. Ya taimaka wajen kafa makarantar koyar da kiɗa a Kano a shekarun 1970.

A Kaduna kuma ya tara matasa ya horar da su, ya kafa ƙungiyar Great Music Pirameeds of Afrika, wadda ta yi suna a Costain Club. Da ita ya riƙa rera waƙoƙin Hausa kan kiɗan zamani.

Ya rasu a 2003. Har yau ba kasafai ake samun makarantar koyon kiɗa a Arewa ba.