Christa McAuliffe: Malamar Makarantar Da Ajalinta Ya Zo Da Sanyin Asuba

An haifi Christa McAuliffe a birnin Boston na ƙasar Amurka ranar 2 ga Satumba, 1948. Malamar makaranta ce mai 'ya'ya biyu, tana koyar da tarihi da ilimin zamantakewa a wata sakandare da ke garin Concord. A shekarar 1985 hukumar NASA ta zaɓe ta daga cikin malamai fiye da 11,000, domin ta je sararin samaniya ta koyar da ɗalibai daga can.

Sau da dama aka ɗage tashin kumbon Challenger, har da saboda iska mai ƙarfi. A daren 27 ga Janairu, 1986, wani matsanancin sanyi ya sauka a jihar Florida, har ƙanƙara ta lulluɓe hasumiyar harba kumbon. Injiniyoyin da suka ƙera rokokin sun yi gargaɗin cewa zobban robar da ke toshe mahaɗansu za su iya sandarewa idan ma'aunin zafi ya gaza digiri 12. Manyansu suka ƙi sauraro.

Washegari aka harba kumbon, ma'auni na nuna kusan digiri 2. Robar ta kasa riƙewa, wuta ta ɓullo ta mahaɗa, kumbon ya tarwatse bayan daƙiƙa 73. Mutum bakwai da ke ciki suka rasu, ɗalibai na kallo ta talabijin. Shekarun malamar 37 a duniya.

A shekarar 2007 Barbara Morgan, wadda aka ware a matsayin madadinta, ta isa sararin samaniya.