Samuel Plimsoll (1824–1898) da Alamar Iyakar Lodi a Jikin Jiragen Ruwa

Gabatarwa

A gefen kowane babban jirgin ruwa na kasuwanci akwai da'ira wadda layi ya ratsa tsakiyarta. Idan ruwa ya shanye wannan layi, lodi ya wuce ƙa'ida. Alamar tana ɗauke da sunan Samuel Plimsoll, ɗan siyasar Ingila wanda bai taɓa ƙera jirgi ko tuƙa shi ba. Wannan maƙala ta bi diddigin rayuwarsa domin nuna cewa fafitikarsa ce ta haifar da dokar, amma lissafin masana duba jirage ne ya ba ta ƙarfi.

Tasowarsa

An haifi Plimsoll a birnin Bristol ranar 10 ga Fabrairu, 1824, ya girma a Sheffield, inda ya yi aikin akawu a wani kamfanin giya. A 1853 ya koma Landan domin fataucin kwal, amma jarinsa ya karye har ya ɗanɗani talauci. Bayan ya farfaɗo, aka zaɓe shi ɗan majalisa mai wakiltar Derby a 1868, ƙarƙashin jam'iyyar Liberal.

Halin da Ma'aikatan Jirage Suke Ciki

A wancan zamani, hukumar Lloyd's Register, wadda asalinta ya faro a 1760 aka kuma sake mata fasali a 1834, ita ce ke aika sufetocinta su duba jirgi tun ana harhaɗa shi, sannan ta ba shi daraja a littafinta. Da wannan daraja 'yan inshora da fatake ke gane ingancin jirgi. Sai dai shiga rajistar ganin dama ne. Mai ruɓaɓɓen jirgi na iya ƙaurace mata, ya yi masa inshora mai tsoka, ya danƙara masa kaya, ya tura shi teku. In ya nutse, mai shi ya karɓi diyya, iyalan ma'aikata kuwa su kwashi makoki. Ma'aikacin da ya sa hannu a yarjejeniya, sannan ya ƙi shiga irin wannan jirgi, doka ta ba da damar ɗaure shi.

Gwagwarmaya a Majalisa

Plimsoll ya nemi abubuwa biyu: a tilasta duba jiragen da ba su da daraja, a kuma ƙayyade iyakar lodi. Littafinsa mai suna Our Seamen ya tayar da hankalin jama'a, har aka kafa hukumar bincike a 1873. Masu jirage suka maka shi a kotu bisa zargin ɓata suna. Ranar 22 ga Yuli, 1875, da Firaminista Disraeli ya sanar da jingine ƙudurin dokar, Plimsoll ya fusata a zauren majalisa, ya zargi wasu takwarorinsa masu jirage da mugunta. Daga baya ya nemi afuwa, amma jama'a sun riga sun mara masa baya, aka zartar da dokar 1876 wadda ta wajabta zana alamar.

Giɓin Dokar da Aikin Masana

Dokar ta zo da babban giɓi, domin ta bar wa mai jirgi zaɓin inda zai zana layin, wato an ba kura ajiyar nama. Cike giɓin kuwa ba aikin ɗan siyasa ba ne, musamman da yake ƙirar jirage tana sauyawa. Tataccen ƙarfe, wanda ake kira sitil, ya fara maye gurbin baƙin ƙarfe a jiragen tururi, kamar Rotomahana a 1879 da Servia a 1881. Saboda ƙarfinsa, Lloyd's Register ta yarda a rage kaurin farantan jirgi da kimanin kashi 20 cikin ɗari, bisa sharaɗin sufetocinta su gwada ƙarfen kafin a yi aiki da shi. Gangar jiki marar nauyi na nufin ƙarin kaya, don haka tambayar inda lodi zai tsaya ta ƙara muhimmanci.

Benjamin Martell, babban sufeton jirage na hukumar, shi ne ya jagoranci tsara jadawalin tazarar da ta kamata a bari tsakanin fuskar ruwa da daben jirgi, gwargwadon tsawonsa da zurfinsa da siffarsa. Kwamitin gwamnati da ya miƙa rahoto a 1885 ya gina a kan wannan aiki, sannan dokar 1890 ta ƙwace zaɓin daga hannun masu jirage. Shi ya sa ake ganin haruffan hukumar da ta auna jirgi, kamar L da R, a gefen da'irar.

Kammalawa

Plimsoll ya bar majalisa a 1880, amma ya ci gaba da kare ma'aikatan teku, ya kuma yi rubutu kan azabar da ake sha a jiragen dakon shanu. Ya rasu a Folkestone ranar 3 ga Yuni, 1898. Shekaru 14 da suka raba dokokin 1876 da 1890 sun nuna cewa alama ba ta tsare rai sai an sami ma'auni da amintaccen mai awo. A 1930 ƙasashe suka rattaba hannu a Landan kan yarjejeniyar da ta mai da iyakar lodi ƙa'idar duniya.