John Backus: Mutumin da ya ƙirƙiro Fortran, ya dawo yana sukar tsarinta

An haifi John Backus a birnin Philadelphia na Amurka ranar 3 ga Disamba, 1924. Da farko karatu bai dame shi ba, har Jami'ar Virginia ta sallame shi saboda rashin zuwa aji. Ya shiga soja, ya ɗan taɓa karatun likita ya bari, kafin ya karanta lissafi a Jami'ar Columbia. A 1950 ya kama aiki a kamfanin IBM.

A lokacin, mai son kwamfuta ta yi masa aiki sai ya rubuta mata umarni dalla-dalla da lambobin da inji ke ganewa. Backus ya jagoranci tawagar da ta fitar da Fortran a 1957, harshen da ya ba injiniyoyi damar rubuta manhaja kusan yadda suke rubuta lissafi a takarda. Har yau ana hasashen yanayi da shi.

Abin mamaki ya faru ne a 1977, lokacin da aka ba shi kyautar Turing, mafi girma a fagen kwamfuta. Maimakon ya yabi aikinsa, sai ya soki tsarin da Fortran da ire-irenta suke bi. A ganinsa, manhajar da ke ta goge abin da ke cikin ma'ajiyar kwamfuta tana sake rubutawa, tamkar littafin bashi ne da kowa ke sa wa hannu: in kuskure ya shiga, gano inda ya fito sai an sha wuya.

Ya kawo shawarar a gina manhaja da ƙananan ayyuka, kowanne kamar injin niƙa: ka zuba gero, gari ya fito, bai taɓa komai a gefe ba. Sai a jera su, abin da wannan ya fitar ya shiga wancan.

Harshen da ya tsara kan wannan tunani, FP, bai samu kasuwa ba. Amma jawabin ya zaburar da masu bincike, kuma salon ya bazu. Erlang, wanda kamfanin Ericsson ya samar, ɗan wannan gida ne, kuma da shi aka gina na'urorin da ke kai saƙon WhatsApp, ko daga Gwarzo zuwa Kabo ne.

Backus ya yi ritaya a 1991, ya mutu ranar 17 ga Maris, 2007, a garin Ashland na jihar Oregon.